Gemun Furofesa Rabo

Duk wanda bai san Furofesa Rabo ba, to bai taɓa kunna data a Faskari ba. Allah ya yi wa garin baiwa da shi, kuma shi da kansa ya fara sanar da mu. Kwana uku ya yi yana kallon bidiyo a waya, a na huɗu ya tafi Funtua aka buga masa takardar shaida mai ruwan zinare a gefe. Tun daga ranar ko matarsa sai ta ce "Furof" kafin ya waiwayo.

Fanninsa ciwon tsigar gashi, wato mutum ya riƙa cire gashinsa sili-sili, yana son dainawa amma hannu ya ƙi. Ya buɗe aji a WhatsApp mai suna Matakai Bakwai, inda kowa zai warkar da kansa yana zaune a ɗakinsa. Tambarin ajin hoton gemunsa ne, baƙi wuluk, yana ƙyallin mai.

"Ku dubi gemun nan," in ji shi a saƙon murya na minti goma sha tara. "Shekara goma ko sili ɗaya bai faɗi ba sai da izinina. Shi ne hujjata, shi ne digirina."

Sai dai a allon waya F da G maƙwabta ne, yatsan masana kuma yana da kauri. Maimakon tsiga, tallar ta fita da cewa: KU DAINA TSIFAR KAI HAR ABADA. Kafin azahar mata tamanin sun shigo daga Kankara da Sabuwa, kowace na murna an gano kitson da ba ya tsufa. Furofesa ya ga yawan jama'a, ya sanar cewa annoba ce ta ɓarke, an yi sa'a yana raye.

Mai ciwon gaske ɗaya ce a ajin, Bilki 'yar garin Mairuwa, ɗaliba mai tsigar gaban goshi idan karatu ya matse ta. Ta bi mataki na ɗaya, kallon hoton gemu minti biyar. Ta bi na biyu, tura hoton ga mutum goma. A na uku ta haƙura ta je asibiti. Ma'aikaciyar lafiya ta saurare ta tsaf, ta ce ta lura da lokacin da hannun ke tashi, ta ba shi wani aiki. Bilki ta koma ɓarar gyaɗa tana karatu. Gashi ya fara tofowa. Furofesa ya ce albarkar mataki na ɗaya ce.

Ranar Asabar bayan la'asar ya shirya taron bidiyo kai tsaye don duniya ta shaida. Ya zauna, gemu ya cika allo. Hajiya Saudatu, shugabar masu kitson Sabuwa, ta fara.

"Malam, kai ne ka hana mata tsifa? Mako biyu ko shuku ɗaya ban yi ba!"

"Hajiya, a ilmance..." Hannun Furofesa ya tafi haɓa. Tsik, sili ɗaya ya fita.

"Ni kaina ƙaiƙayi yake, yaushe za mu wanke?" wata ta tambaya daga Kankara.

"Wannan yana mataki na shida." Tsik. Tsik.

"Maigidana ya koma kwana a zaure!" in ji wata.

Furofesa ya yi bayani mai zurfi a kan ƙwaƙwalwa, da yadda shi kaɗai ya mallaki tasa a duk kudancin Katsina. Yana magana, farar shaddarsa na yin baƙi-baƙi. Mata tamanin suka yi tsit suna kallon hujja tana zuba.

Da ya ga an yi shiru, sai ya ɗauka ilmi ne ya ratsa su. Ya kira shaidarsa. "Bilki, faɗa wa duniya abin da kika gani a wannan aji."

Bilki ta gyara mayafi. Ta matso kusa da allo.

"Yallaɓai, ɓangaren hagu ya ƙare."

Washegari aka kawo masa kwanon gyaɗa daga Mairuwa, da ɓawonta. Ya mayar, ya ce bai yarda da maganin da ba shi da matakai ba. Ya tafi wurin wanzami a daidaita masa abin da ya saura. Wanzamin ya juya haɓar dama da hagu, ya ninke askarsa ya mayar a zabira.

"Furof, ai ka riga ni."