Ranar da Sabon Janareta Ya Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da surukina ya zo daga Gwaram ganin sabon janaretana. Har yau in na tuna sai na ji zufa ta karyo min a ƙeya.

Shekara shida muna zaune da tsohon janareta a gidanmu na Birnin Kudu. In aka tashe shi, duk layinmu sai ya sani. Salansarsa ta daɗe da fashewa, makanike ya ɗaure ta da waya har ya gaji ya ce in daina kawo masa. Ajiye yake a bayan gida, daidai ƙarƙashin tagar kicin, kuma tagar falo tana gefe, taku uku tsakani.

To, ga inda laifina yake. Wannan lungu shi ne majalisarmu ni da matata Rabi. In muka yi baƙi, sai in ce bari in duba mai, in zagaya baya, ita kuma ta leƙo ta tagar kicin. Nan za mu ɗaga murya iya ƙarfinmu mu yanke shawara: wa za a ba nama, wa za a ba ruwa kawai, wa ya cika surutu. Ba wanda ya taɓa ji, ƙarar injin tana haɗiye komai. (Na san ba hali ne mai kyau ba, amma ku ma ku binciki kanku.)

Da maƙwabcinmu Malam Yohanna ya yi min magana karo na uku, cikin ladabi, cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya kuma ƙarar tana hana ta hutawa, sai na ji kunya. Na sayar da tsohon, na sayo sabo, irin mai rufaffen jiki wanda ba ka jin komai sai ɗan gurnani kamar na kyanwa. Daga nan fa baki ya buɗe. A wurin aiki, a majalisa, har a ƙofar masallaci, ba ni da zance sai na injina. Ni da kaina na buga wa Baba Alhaji, mahaifin Rabi, waya na ce ya zo ya gani.

Ba ganin inji kaɗai nake so ba. Damina ta matso, kuma ina da niyyar roƙonsa aron wata gonarsa ta fadama in gwada shinkafa. Na yi mako guda ina tsara yadda zan shigo da maganar. Rabi ta yi farfesun zabi biyu, ni kuma na sa babbar rigata.

Sun iso bayan azahar, shi da ƙaninsa Baffa Idi. Ana zafi sosai, kuma an ɗauke wuta tun safe, abin da ya yi min daidai. Na tashi inji, fanka ta kama juyawa, na tsaya ina murmushi ina tambayarsu ko sun ji wani abu. Baba Alhaji ya karkata kunne, ya ce lallai ba ya jin komai, ya sa albarka. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma kowa a dangi ya san shi da son nama.

Muna cikin hira sai na ji Rabi ta ƙwanƙwasa murfin tukunya sau biyu, alamarmu kenan. Na miƙe na ce bari in duba mai. (Injin da na cika wa tanki da safe.) Na zagaya, ta leƙo, ta tambaye ni a hankali ko ta juye farfesun duka. Ita dai Allah ya taimake ta, a hankali ta yi magana. Ni kuwa ƙafata na taka wurin nan, maƙogwarona ya koma aikin da ya saba shekara shida. Na buɗe murya kamar mai kiran wani a hayin kogi:

"Duka? Ke ba ki san Babanki ba? In ya zauna ba ya tashi sai ya ga ƙasan kwano! Ki ɓoye cinyoyin nan huɗu ƙarƙashin kwando. Gonar ce nake so, ba wai na buɗe gidan abinci ba ne!"

Ban tsaya nan ba, har da kwaikwayon yadda yake tsotsar ƙashi na yi, da sauti.

Sai na ga idon Rabi ya fito. Ta ɗora hannu a baki, ta nuna min tagar falo da haɓa. A buɗe take. A lokacin ne kunnena ya gaya min abin da na kwana bakwai ina yi wa mutane alfahari da shi: unguwar tsit take. Har kukan kurciya ina ji daga bishiyar Malam Yohanna. Daga falo kuma na ji Baffa Idi yana wani tari wanda ba tari ba ne.

Na yi tunanin haura katanga. Na yi tunanin kashe injin in ce ya lalace, amma ban ga abin da hakan zai gyara ba. A ƙarshe na ja ƙafa na koma, na zauna a ƙasa can bakin ƙofa, na kafa wa tabarma ido.

Rabi ta shigo da kwano, ta durƙusa ta ajiye. Baba Alhaji ya buɗe, ya juya cokali a ciki a natse, ya duba gefe da gefe. Sannan ya ce, "Rabi, zabin Birnin Kudu ba su da ƙafafu ne? Duba min ƙarƙashin kwando."

Baffa Idi ya fita waje da gudu, muna jin dariyarsa har daga zaure. Aka kawo cinyoyi huɗu. Baba Alhaji ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, ya tsotse kowane ƙashi da ƙarfi yana kallona, bai bar ko romo ba. Da ya gama sai ya karkato min kwanon in ga ƙasansa. Maganar gona kuwa ko kusa da ita ban je ba. Da na raka su mota, abin da kawai ya ce shi ne injin yana da kyau, in riƙe shi da kyau.

Kwana uku Rabi ba ta yi min magana ba sai ta dole. Ranar Juma'a na shirya na tafi Gwaram, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce in je in nome gonar, daman ya san dominta na kira shi. Da zan tafi ya sa aka ɗaure min zabi biyu masu rai a bayan babur. Ya ce ɗaya na ci ne, ɗaya na ɓoyewa.

Da na so in ce muku tun daga ranar na daina gulmar baƙi. Gaskiyar magana, raɗa na koya, kuma sai na leƙa kowace taga tukuna.