Harajin Kawu Mai Guga: Yadda Ƙasa Ke Rama wa Maƙwabciyarta

Kai da Allah ya ɗora wa riƙon ƙasa, ka wayi gari maƙwabciya ta ƙaƙaba wa kayanka haraji, ka rasa inda za ka sa kanka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin mako ya zagayo kowa zai san da zamanka. Ni na gwada. Har yau ana zancena a layinmu.

Ƙasarmu shagon ɗinki ce, taku huɗu a tsaye, uku a kwance. Yayata ce shugabar ƙasa, ita ke kan keke. Ni ne ministan ciniki, don na karanta tattalin arziki a sakandare, kuma ba wanda ya nemi ganin sakamakon. Maƙwabciyar ƙasa ita ce shagon Kawu, mai wanki da guga. Bango ɗaya, rumfa ɗaya, benci ɗaya. Shekara da shekaru mu ɗinka, shi ya goge. In ya ƙona kayan mutane, Yaya ta yi masa faci ta ciki, ba mai ji ba mai gani.

Aiki ɗaya ke riƙe da ƙasarmu: rigunan 'yan makarantar da ke ƙarshen layi. Bana guda arba'in. Shugabar makarantar ta ce ranar Litinin take son su, a goge, a ninke, in ba haka ba ta kai aikin wani shago kuma ba za ta waiwayo ba. Riƙe wannan a ranka. Ni ban riƙe ba, shi ya sa nake da abin koya maka.

Mataki na ɗaya: Gano dalilin harajin, sannan ka watsar da shi

Ranar Talata Kawu ya leƙo shagonmu.

"'Yata, daga yau duk kayan da suka fito daga nan, kuɗin gugarsu ninki biyu ne."

Yaya ta ɗage ƙafa daga keke. "Kawu, gawayi ne ya yi tsada?"

"A'a. Kayan waje ne."

"Wajen ina? Bango ne fa tsakaninmu."

"To ai shi ne kan iyakar."

Ga abin da ke ƙasa. Ƙanin matarsa, wanda ake ce wa Injiniya don ya taɓa kwance rediyo ya kasa mayarwa, ya sayo tsohon keke ya kafa a kusurwar shagon Kawu. Duk abin da Injiniya ya ɗinka, gugarsa kyauta ce. Masana na kiran wannan kare masana'antar cikin gida. Kawu na kiransa zaman lafiya da iyali.

Rubuta ka ajiye: duk harajin da ka gani a duniya, ɗaga shi, za ka tarar da ƙanin matar wani a ƙarƙashi.

Mataki na biyu: Hana masu hankali magana

A kowace ƙasa akwai mai cewa a zauna a tattauna. Toshe masa hanya da wuri.

Yaya ta ce, "Auta, bari in leƙa wajen matarsa mu gaisa. Minti biyar ya kashe maganar."

Na ce, "Yaya, martabar ƙasa fa?"

"Wace ƙasa?"

"Ki bar min kawai."

Ta bar min, don hannun riga tamanin ke jiranta. Da ta je, da an gama a ranar, da kuma ba wanda ya san ina da muƙami.

Mataki na uku: Shata kan iyaka

Ɗauki allin tela. Ja layi daga bango har bakin titi. Kada ka kauce wa komai.

Nawa layin ya bi ta tsakiyar benci. Na zauna a namu gefen na haɗe rai. Kawu ya zauna a nasa yana fifita gawayi. Da ya miƙe, bencin ya ɗaga, na sami kaina a ƙasa. Idan haka ta same ka, kada ka yi saurin tashi. Yi kamar kana duba layin.

Mataki na huɗu: Rama, kuma ka ƙara gishiri

Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ya ninka biyu, kai ninka uku.

Na rubuta a kwali na rataye a ƙofa: daga yau facin ƙuna ninki uku ne ga baƙi. An haramta aron almakashi. An haramta aron allura. Zare ko taƙi ɗaya ba ya ƙetare alli.

Kawu ya karanta, ya gyaɗa kai. "Ɗan boko, rubutunka da kyau." Ya shiga ya ɗauko wani gwangwani daga kan tagarmu ya mayar shagonsa.

A nan na koyi abin da ba a koyarwa a aji. Duk maɓallin da ya faɗi a ruwan wanki, Kawu ke tsincewa ya tara a gwangwanin nan. Tun da aka buɗe shagonmu ba mu taɓa sayen maɓalli ba. Ban sani ba. Na ɗauka haka suke zuwa, kamar ƙura.

Yaya ta aike ni kasuwa, na wuni ina zaɓen maɓalli a rana. Idan jama'arka suka tambaya, ce musu kana neman sababbin abokan ciniki.

Mataki na biyar: Kai ƙara babbar majalisa

Tamu majalisar shagon aski ce. Na je na zayyana wa Mai Aski komai.

Ya ce, "Gaskiya na damu ƙwarai."

"To me za a yi?"

"Ina kira ga ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa. Sunkuyar da kai."

Na fito da aski da ban yi niyya ba. Ina fita na ga Kawu yana shiga. Shi ma an damu ƙwarai da tasa.

Mataki na shida: Dogara da kanka

Ƙasa mai zuciya ba ta jiran gugar wani. Ranar Asabar na aro dutsen guga na gawayi a wajen goggonmu. Na ce wa Yaya abin da dattijo ke yi yana gyangyaɗi ba zai gagari mai takardar sakandare ba.

Rigar farko, dutsen ya bar hotonsa a gadon baya. Ta biyu, toka. Ta uku na yayyafa ruwa, ya zama ruwan toka. Ta huɗu da ta biyar ban son maganarsu. Ta shida ta kama da wuta kaɗan.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ɗaga rigar, ta leƙo ni ta cikin hujin.

"Auta, ta nan nake hango makomarka."

Saura kwana ɗaya. Riga shida sun mutu, talatin da huɗu a yamutse kamar an kwana a kansu. Daga nan Yaya ta daina yi min magana. Ƙarar keke kawai.

Mataki na bakwai: Leƙa ka ga ko su ma suna kuka

Wannan ne kaɗai daɗin yaƙin ciniki, kada ka bari ya wuce ka.

Na kara kunne a bango. Ashe Kawu ya ƙona wandon wani direban babbar mota, mutumin da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Saboda harajina, ya ba Injiniya faci. Injiniya ya toshe hujin da kyau. Ya haɗa da ɗaya ƙafar. Wandon ya koma buhu.

Na ji Kawu yana cewa, "Kai, mutumin nan ƙafa biyu gare shi."

Injiniya ya ce, "Ai salon ke nan yanzu."

"Gobe da yamma zai zo. Sai ka tsaya ka gaya masa salo."

Mataki na takwas: Yi sulhu, amma ka kira shi nasara

Ranar Lahadi da hantsi Kawu ya fito da wandon a hannu. Yaya ta fito da rigar mai huji. Suka zauna a benci, kowa ya ɗaga nasa. Ba wanda ya yi dariya, sai daga baya.

"'Yata, ministanki ne wannan?"

"Shi ne, Kawu. Wannan kuma masana'antarka ce?"

"Ita ce."

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle duk su biyun a zaune suke. Yaya za ta farke wandon ta gyara, ta yanka sababbin riguna shida daga ragowar yadi. Kawu zai goge arba'in ɗin kafin rana ta faɗi. Haraji yana nan daram, saboda matarsa, sai dai Kawu ya ce shekaru sun ja, mantuwa ta yi masa yawa, ba lalle ya tuna karɓa ba.

Na gyara murya zan yi jawabin rufe taro. Sai Kawu ya ce akwai sharaɗi na ƙarshe.

"Ki karɓi Injiniya ki koya masa ɗinki a miƙe. Ni kuma ki ba ni ministan nan naki."

Yaya ba ta ko kalle ni ba. "Ɗauki, Kawu. Ba haraji."

Ranar Litinin shugabar makaranta ta zo, ta ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya, ta shafa karin guga, ta ce baɗi sittin take so. Yaya ta sanar da layi cewa mun yi nasara. Kawu ma ya sanar da tasa. Ni ban samu halarta ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan kasuwarsa ta rufe, ko kayansa suka ruɓe a kan iyaka, ko jama'arsa suka daina gaishe shi, ba hannuna, ba ƙafata. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mai ƙorafi kada ya neme ni a ma'aikatar ciniki, Injiniya ne a kujerata. Ina ƙasar waje, taku biyu daga gida, ina fifita gawayi. Kawu ya ce in na nutsu, bayan wata shida zai fara ba ni hankici in goge.