Yadda Ake Gajarta Sandar Bitas Kafin A Tafi Biko

Kai mai mota, da kai mai mafarkin mota, ku matso kusa. Alkawari na ɗauka: in ka bi matakan nan bi da bi, sandar bitas ɗin motarka, wato sandar canja giya, za ta gajarce, hannunka zai riƙa canja gudu kafin na gefenka ya ƙifta ido, kuma kaf ƙasar Damargu sai an san da zamanka. Wannan ilimi daga Mailafiya na ɗauko shi, komi, wato akawu, a biro ko ofishin kumandan na Tanut, mutumin da ya gwada abin da kansa ƴan shekaru bayan tafiyar Nasara. Har yau ana zancensa a bakin rijiyoyi.

Mataki na ɗaya: Samu motar da ba ta dace da ƙasarku ba

Nemi ƴar ja, mai kujera biyu, marar rufi, wadda cikinta ke shafar ƙasa. Mailafiya ya gaji tasa ne daga wani likitan dabbobi Bafaranshe da ya tattara zai koma gida. Kada ka damu da cewa daga Tanut duk inda ka dosa rairayi ne. Motar tsere don a gan ka a ciki aka ƙera ta. Tafiya kuwa ai akwai raƙuma.

Mataki na biyu: Bar matarka ta yi yaji

Wannan ba wuya. Lulluɓe motar da zanen aurenta saboda rana. Kwashe man shanun da ta ɓoye ka shafe kujeru. In ta kawo tuwo tana ba ka labarin haƙorin da ya fito wa ƴarku, amsa mata da zancen taya. Haka Mailafiya ya yi, har wata safiya Raishatu ta goya ƴarta, ta hau motar kasuwa, ta koma gidan mahaifinta Malam Audi, can wani ƙauye a kwarin Tarka.

Mailafiya yana son matarsa, wannan ba wasa a ciki. Da ya dawo daga biro ya tarar da murhu a sanyaye, zama ya yi a bakin ƙofa, ya kasa ko cire takalmi. Mutumin banza washegari zai wanke ƙafa ya tafi biko. Kai ka fi ƙarfin haka. Mailafiya ya dubi sandar bitas ɗin motarsa, doguwa zaƙwal kamar muciya, ya rantse ba zai shiga garin surukai yana tuƙa ta kamar direban babbar mota ba. Sai an gyara tukuna.

Mataki na uku: Tafi maƙera

Bafaranshen ya taɓa gaya masa cewa masu tsere suna rage wa sandar tafiya, ta yadda tsakanin wannan bitas da wancan bai wuce motsin yatsa ba. Ya kuma ce asalin aikin a ƙarƙashin mota yake, inda gindin sandar ke juyawa. Rabu da wannan magana ta biyu. Suruki ba ya leƙa ƙarƙashin mota.

Kai ta wurin maƙerin da bai taɓa cewa "ban iya ba". A Tanut Zakari ne, mai ƙera hauya da linzami.

"Daga ina zan sare, Mushe?" in ji Zakari, yana girmama shi da Faransanci.

"Rabi."

Aka sare rabi. Mailafiya ya koma gida ya yi ta kallo, ya ga har yanzu da saura. Aka sake sarewa. Sai ta yi gajarta har hannu ba ya kamawa, aka ƙara mata guntun kan hauya. Sai ta karkace, aka mayar da ita wuta. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, wata ya mutu wani ya tsaya, Raishatu tana can.

A ƙarƙashin kan sandar za ka ga wani ɗan zobe, wanda sai an ɗaga shi mota ke yarda ta shiga marshariyar, wato ja da baya.

"Wannan fa?" Zakari ya tambaya.

"Ado ne."

"Wallahi ni ma abin da na ce a raina ke nan."

Ba maƙerin zoben ya rataya wa jakinsa. Ka rage nauyi.

Mataki na huɗu: Gwada a tsaye

Zauna cikin motar a ƙofar gida, injin a kashe, ka yi ta wasa da sandar kana kwaikwayon ƙarar da baki. Za ka ga tana shiga sumul. Duk wanda ya ce ka gwada a hanya, hassada ce.

Mataki na biyar: Ɗauki dattijo

Ba a zuwa biko da baki ɗaya. Mailafiya ya ɗauki ƙanin mahaifinsa, Baffa Dado, wanda ya gaji da yi masa faɗa tun makon farko. Hanya za ta ba ku wahala. Iska za ta warware rawanin dattijo, rairayi zai riƙe motar, makiyaya za su bar shanunsu su zo turi suna dariya cikin Fulatanci. Jure. Duk sanda ta kafe, nuna wa Baffa yadda sandar ke shiga da ɗan yatsa.

"Na gani, ɗana," in ji Baffa Dado yana tofar da rairayi. "Sandar tana sauri. Saura motar."

Mataki na shida: Yi ladabi

Ajiye motar inda kowa zai gani. Mailafiya ya zaɓi inuwar rumbun Malam Audi, ya juya hancinta waje don fita ta yi kyau. Tuɓe takalmi tun daga nesa, tsuguna a gefen tabarma, kafe ido a ƙasa, bar dattijo ya yi magana.

Ka san dai al'adarmu. Rumbun magidanci asirinsa ne. Maƙwabci ba ya leƙawa, baƙo ba ya tambaya, matar gida ma abin da aka auno mata shi take gani. Daminar bara ta yi gardama a kwarin Tarka, amma rumbun Malam Audi na nan tsaye da sabuwar jinka, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce uffan. Ya sa aka dama wa baƙi fura mai kauri. Ya saurari Baffa Dado har ƙarshe.

"Ɗiyarku ce," ya ce. "Mun zaci ma za ku zo da wuri. Ku tafi da ita, Allah ya kiyaye gaba."

Raishatu ta fito da goyo. Ba ta ɗauki lokacin haɗa kaya ba, don ƙullin ya daɗe a ɗaure. Baffa ya ce zai biyo motar kasuwa, ya bar mata kujera. Mailafiya ya saci kallonta, daɗi ya cika shi.

Mataki na bakwai: Nuna gwaninta

Ga garin duk ya taru. Tayar da injin, ba shi wuta sosai, tura sandar da yatsa ɗaya. A tuna cewa bitas na farko da marshariyar yanzu maƙwabta ne ƙut da ƙut, kuma zoben da ke raba su yana wuyan jakin Zakari.

Motar ta zabura da baya. Ta doki ƙafar rumbu, rumbun ya yi tangal-tangal, ya kife, jinkar ta yi gefe.

Mutane suka ruga don tare hatsi. Sai suka tsaya. Abin da ya gangaro ƴan dammuna ne da yaro zai iya rungumewa, sai ɓuntu da kashin ɓera. Ba wanda ya yi dariya. Maza suka sunkuyar da kai, mata suka ja mayafi, kowa ya tuna yana da aiki a gida. Mailafiya ya dubi dammunan, ya dubi ƙwaryar furar da ya shanye tas, ya tuna tsawon lokacin da ya kwashe a maƙera matarsa da ƴarsa suna ci daga nan. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Malam Audi ya gyara hularsa. "Motar tana da ƙarfi," ya ce, ya shige gida.

Raishatu ta sauko, ta durƙusa tana tsintar zangarniya daga cikin rairayi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, da ka zo da ƙafa washegari, da na biyo ka da ƙafa."

Mataki na takwas: Kammala aikin

Cire kwat ɗin biro, durƙusa kusa da ita. Aika wa kumandan cewa ba ka da lafiya, ba ƙarya ka yi ba. Kwance tayoyin nan huɗu ka kai kasuwar Belbeji, masu yanka takalma za su yi rububi. Kujeru ma akwai mai so. Mayar da su duka hatsi. Saro itace, yi saƙa, tayar da rumbu da hannunka ko da ya ɗan karkace. Zuba hatsin lokacin da Malam Audi ya tafi masallaci, ɗora jinka, kuma kada ka taɓa yin zancen. Shi ma ba zai yi ba.

Ranar da rumbun ya tsaya, Raishatu ta hau jakin aro da goyonta, Mailafiya na gaba riƙe da igiya, suka kama hanyar Tanut.

Hattara

Ni dai na cika alkawarina. Motar na nan bisa duwatsu a bayan gidan Malam Audi, kaji na ƙwai a ciki, kuma duk wanda ya taɓa sandar zai shaida tana shiga da ɗan yatsa. Sauran abin da ya biyo baya, na rumbu, na suruki, na mata, ba hannuna ba ƙafata. In taka ta yi yaji kana karanta wannan, ajiye shi, nemi takalminka.