Binciken da Na Yi wa Malamin Tarihi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da shekarar da makarantar su Amira ta shirya kai yara ƙasar Sin.

Amira jikata ce, a nan London aka haife ta. Ta dawo flat ɗinmu na Plumstead tana tsalle, wai za a kai 'yan ajinsu su ga inda aka yi juyin juya hali: hanyar da sojojin talakawa suka bi a ƙafa har takalma suka ƙare, da kogunan dutsen da shugabanninsu suka zauna a ciki. Nan take jikina ya ba ni. Ni da na sha jin kiɗan soja a rediyo da sassafe, za a gaya mini yadda ake kifar da masu mulki? Mutum ya rasa abin da zai koya wa 'ya'yan mutane sai wannan, kuma sai ya kai su bangon duniya? (In sun iya, wa za su fara tumɓukewa? Ai ni ce mai mulkin gidan nan.)

Na ce wa ubanta, "Wane ne malamin da zai kai su? Ɗan wane gida ne?"

Ya ce, "Inna, makaranta ta riga ta yi checking ɗinsa."

Na ce, "Makaranta ta san ubansa?" Na ce to yarinya ba ta zuwa ko nan da ƙofa sai na yi bincike. A garinmu ko akuya za ka ba mutum kiwo sai ka tambayi maƙwabtansa.

Hajiya Lami, 'yar Kumasi mai shago a Peckham, ita ta taimake ni. Da na nuna mata hotonsa a wayar Amira ta ce, "Ah Hajiya, dogon Baturen nan? Wurina yana sayen barkono. Ka bi layin bayan coci, ka tambaya." (Su mace ma "ka" suke ce mata, na daina jin haushi.) Bature mai cin barkono! Zargina ya ƙaru.

Na yi wanka, na yafa mayafina mafi tsada, don mai bincike ba ta zuwa a wulaƙance. Na bi layin gida gida ina danna ƙararrawa, da ɗan Turancina na bas. "Teacher, good man? Drink? Father who?" Wata ta rufe ƙofa. Wani ya leƙo ta labule. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce yana fitar mata da shara. Na ce a raina, duk bakinsu ɗaya, akwai abin da ake ɓoyewa. Har tagarsa na leƙa, na ga jar tuta da littattafai cunkus. Na koma washegari ma.

Sai ranar taron iyaye. Na zauna a layin gaba, Amira a gefena tana yi mini tafinta. Shugabar makaranta ta miƙe fuska a murtuƙe. Amira ta raɗa mini cewa wai wani abu ya faru, wata baƙuwa tana bibiyar gidan malamin, an sanar da 'yan sanda, in ba a gano ta ba za a yi cancel ɗin tafiyar saboda tsaron yara. Na dafa ƙirji na ce, "Ba na faɗa ba? Mutumin nan yana da abokan gaba!"

Aka kunna babban allo. Jama'a, ga ni nan. Hancina ya cika allon, ina leƙen ƙararrawar ƙofa, ashe akwai kyamara a ciki. Ga mayafin nan ruwan hoda mai duwatsu, wanda yake jikina a wannan lokacin. Wata 'yar Jos da ke bayana ta ce, "Mama, kamar naki fa." Kamar nawa!

Amira ta fara hawaye. Ta ce, "Kaka, please." Da zan iya nutsewa cikin kujerar da na nutse, amma tafiyar yara ce za ta lalace a kaina. Na miƙe, gwiwoyina na ƙara, na ce wa Amira ta gaya musu ni ce, kuma haka muke yi kafin mu ba da amanar ɗa.

Malamin ya ja numfashi, ya tambaya, to me na gano?

Na ce, "Gaya masa shara dai yana fitarwa. Amma ubansa babu wanda ya sani."

Dariya ta ɓarke har shugabar ta juya baya don ɓoye tata. Malamin ya ce ubansa yana gidan kula da tsofaffi, kullum kukansa babu mai ziyara, in na shirya zai kai ni. Na je kuwa. Tsohon ya riƙe ni da surutu har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Mutanen kirki ne, na sa albarka, Amira ta hau jirgi.

Abin da na koya? Bincike dai ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Sai dai a garin nan ƙofofi ma ido gare su, don haka mace mai hankali ba ta zuwa bincike da mayafin zuwa taro.