Hasumiyar da Na Karkatar

Da aka gama ginin masallacin ƙauyenmu, ni aka ɗora wa ɗaukar hoton da za a tura wa 'yan garinmu mazauna birni, waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Ban yi gardama ba, don a ganina duk Shanono babu wanda ya fi ni sanin waya.

Na tsaya a gona, na juya wayar a hankali daga gabas zuwa yamma, ta haɗa mini dogon hoto guda. Sai na ga layin da ƙasa ta haɗu da sama ya jirkice, kamar gonakin gero za su zube gefe ɗaya. Na sa yatsa na murɗa hoton har layin ya miƙe sak. Ko kallon masallacin ban yi ba, na tura.

Washegari Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyarsu, ya iso daga Kano da injiniya. A hotona hasumiya ta karkace kamar za ta faɗa kan gidan liman. Aka kira magini, Malam Idi, yana rantsuwa yana gumi. Injiniya ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Alhaji, ginin nan lafiya lau yake. Wa ya ɗauki hoton?"

Ashe gangaren da na miƙar a hoton na ƙasarmu ne tun kaka da kakanni.

Har yau in na ɗaga waya a wajen suna, sai dattawa su karkata gefe guda, Malam Idi ya ce, "Malam, haka ya yi, ko mu ƙara?"