Sada da Sunan Surukinsa

"...Lafiya ƙalau, gajiya ta bi lafiya. Ya mai gidan naki? Har yanzu yana haƙuri da wannan tuwon naki mai gudaji?"

"Yana ci yana neman ƙari. Kai ne dai na ga wuyanka ya ƙara tsawo. Tun da aka raba ka da sitiyari abinci ya daina shiga ne?"

Sada ke nan da Fauziyya 'yar kawunsa, a shagonta na buga takardu da ke Batsari. Ni kuwa ina kan benci tun hantsi ina jiran katin gayyatar suna, sai kawai aka ture aikina gefe saboda wannan dogon mutumin. Haushi ya kama ni kamar in tashi in tafi. To amma taubasai sun haɗu, ina zan je in bar wannan kallo?

Shekara ashirin da uku Sada yana jan bas. Bayan babbar salla mai motar ya sayar da abarsa, wata uku ke nan bawan Allah yana zaman benci a tasha, ga 'ya'ya biyar a gida. Yanzu wani kamfanin sufuri a Katsina yana neman direba, sun ce sai da si-bi, takardar nan ta tarihin aikin mutum. Kuma yau ƙarfe huɗu za su rufe karɓa.

Ya zaro wata takarda a aljihu, duk ta sha ninki. "Ga shi na rubuto. Ke bugawa kawai za ki yi, kar ki sa mini iyayi."

Fauziyya ta warware ta soma karantawa da ƙarfi. "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida manaja, yaya iyali, yaya damina, yaya muka ji da jama'a... Sada! Shafi guda cur duk gaisuwa?"

"To in faɗa wa mutum haka nan ba sallama? Ni ba a gidanku na tashi ba."

"Gidanmu ai nan uwarka ta fito, ka iya bakinka. Si-bi ba ta gaisuwa. Suna, shekaru, aikin da ka yi, shi ke nan."

"Ikon Allah. Wane ne ya ƙirƙiro takardar da ba ta gaida mutane? Shi ba shi da manya ne?"

"In ka gan shi ka tambaye shi. Lasisinka na da rai?"

"Ya fi ki lafiya."

"Wace hanya ka fi sani?"

"Rubuta duka. Ni da na taɓa tuƙo mota da baya tun daga Karare har nan, fasinja suna barci ba wanda ya farka."

"Amalanken shanu dai ka turo. Faɗi gaskiya, mutanen nan gwada ka za su yi."

"To Batsari zuwa Katsina, Batsari zuwa Safana, wani lokaci Kano. Kuma ki sa ina gane ciwon mota da kunne."

Ta ɗago kai daga kwamfuta. "Da kunne kamar yaya?"

"In fanbel zai tsinke yana kuka siriri da safe. In ruwa ya yi ƙasa a lagireto, muryar injin tana bushewa. Ke ba kya gane kukan yunwa da na ciwo a bakin ɗanki?"

"Oh, ashe kan nan naka ba hula kaɗai yake ɗauka ba. Hatsari fa, sau nawa?"

"Ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Kaza ta ga wannan fuskar ai tun daga nesa za ta ba da hanya."

Ni kaina na matso da benci, don ban taɓa sanin mota na da murya iri-iri ba. Aiki na tafiya sumul, har aka zo ƙasan takarda.

"Saura mai tsaya maka. Sun ce wanda ka yi wa aiki, cikakken sunansa da lambar waya."

"Mai motar da ya sayar ya koma Legas, layinsa ba ya shiga."

"Kafin shi fa?"

Sada ya gyara hula, ya dubi silin. "Baban Tasha. Shi ya koya mini tuƙi, shekara tara ina jan motarsa."

"Baban Uwani matarka? Na garin Babban Duhu? To madalla. Sunansa na yanka?"

"Rubuta Baban Tasha."

"Kamfani ne fa, ba majalisar shayi ba. Kowa Baban Tasha yake ce masa, ni ban taɓa jin sunansa ba. Faɗi."

"Ni? In kama sunan surukina da bakina? Fauziyya, yau kin karya kuwa?"

"Ga biro, rubuta."

"Hannun na wani ne?"

"Kira Uwani ta faɗa."

"Ta faɗi sunan ubanta? Wai ke a ina aka raine ki?"

"A inda aka raini uwarka, na faɗa maka. To ya za a yi? In bar wurin fari fat su jefa takardar a kwandon shara?"

Nan fa ido ya raina fata. Sada ya leƙa waje, ya dawo, ya share zufa. An fara kiran azahar, motar Katsina kuwa ba ta jiran kowa in ta cika.

"Tsaya. Kin san mai facin nan na bakin tasha? Sunansu ɗaya."

"Ɗan Gurgu?"

"Ba sunansa ke nan ba!"

"Ni shi na sani."

"To ladanin unguwarku na da, wanda ya rasu."

"Malam Na-Allah?"

"Kai! Wai mutanen garin nan ba wanda ake kira da sunan da aka raɗa masa ne?"

"Kai ma ai Zangarniya muke ce maka a gida. In sa a takardar?"

"Ki sa, in sa naki na gida, Kwaɗo, a jikin allon shagonki."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ƙato guda, mai gemu, aiki na neman kuɓuce masa a kan kalma ɗaya, kuma na san ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Da ni ne ma ba zan faɗa ba.

Fauziyya ta miƙa hannu. "Kawo lambar tukuna, ita dai ba ta da kunya."

Ya miƙa mata wayarsa ba tare da ya kawo komai a ransa ba. Kafin ya ankara ta danna kira, ta buɗe murya kowa na ji.

"Ke! Ke! Kashe! Don girman Allah..."

"Salamu alaikum," in ji wata tsohuwar murya daga wayar.

Jama'a, sai ga Sada ya tuɓe takalma ya durƙusa a gaban tebur, kai a ƙasa, kamar tsohon na tsaye a kansa. "Baba, barka da rana. An wuni lafiya? Ya gida? Ya shanu? Ya ƙarfin jiki?"

Sai da suka yi gaisuwa ta ishe su, sannan Fauziyya ta karɓa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ce ɗiyar kawun Sada, ta yi masa bayanin aikin da abin da kamfani ke so. "Baba, a gafarce ni, sunanka cikakke ake bukata."

Tana faɗin haka Sada ya cusa yatsu a kunnuwansa biyu, ya runtse ido gam.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Shi ya kasa faɗi ko? Rubuta Armaya'u Nu'uman. Kuma ɗiyata, in sun kira ni ga abin da zan ce masu. Na ba yaron nan mota, shekara tara bai taɓa dawo mini da ita da ko ƙwarzane ba. Shi ya sa na ba shi ɗiyata, ita ma yau shekara sha huɗu ba ta taɓa zuwa gabana da hawaye ba. Wanda duk ya shiga motar Sada ya kwantar da hankalinshi. Rashin aikin nan nashi ya hana ni sukuni, don dai ba ya faɗi ne."

Suka yi sallama. Inji ya soma fitar da takarda. Ni dai sai da na share ido da bakin riga, ba zan ɓoye ba.

Fauziyya ta taɓa kafaɗar Sada da biro. Ya cire yatsu.

"An gama? Me ya ce? Ya yi faɗa ko? Na san zai ce na tura yara suna tambayar sunansa."

"Ya ce kai ragon direba ne, ka fi iya cin tsire a tasha."

"Fauziyya." Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Don Allah me ya ce?"

Ta dube ni, na kau da kai. Tun suna yara ba a taɓa jin ta yabi Sada ba, ko da kuskure. Ta yi ta juya biro a hannu, sannan ta sunkuyar da kai ta maimaita masa maganar tsohon tiryan-tiryan, ba ta rage ko kalma ba.

Sada na nan a durƙushe. Ya goge fuska da hula, ya miƙe, ya sa takalmi. Sai na ga gefen bakinsa ya fara motsi.

"Kin san kunnen nan ya toshu da yawa. Ɗan maimaita daga wajen 'wanda duk ya shiga motar Sada', ban ji sosai ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai!" Ta fashe da dariya, ta zura takardar a sabon ambulan ta cilla masa a ƙirji. "Ka ci, yau dai ka ci. Takarda da ambulan duk na ba ka kyauta. Ruga kar mota ta cika, Allah ya sa a dace."