Ranar da Baffa Ya Dafa Kumburi

"Ni kaɗai na san inda kumburi yake kwana a jikin ɗan Adam!" in ji Baffana. Wankin kwalabe yake yi a ɗakin binciken magani, amma a gida Farfesa muke kiransa, kuma yana amsawa.

Lokacin gwiwoyin Baba, Allah ya jiƙansa, sun kumbura, takalmansa na bakin ƙofa suna jiran ƙafar da ta daina zuwa. Baffa ya zauna gefen gadonsa ya buɗe aji.

"Yaya, cikin ƙwayar halitta akwai ma'aikaci, sunansa inzayim. Shi ke haɗa saƙon da ke ce wa jiki, kumbura! Dakta, shugabar wurin aikinmu, na neman maganin da zai ɗaure masa hannu. Wata shida tana fama. Ni kwana ɗaya ya ishe ni, in warkar da kai."

Abokina, ga abin da gwanin ya yi. Dakta kan ajiye 'yan kwalaben inzayim cikin ƙanƙara. Baffa ya ce ai sanyi ke jawo jinkirin. Ya kwashe su ya tsoma a butar shayi, ta tafasa, ya mayar da su wurinsu tsaf.

Da Dakta ta auna, na'ura ba ta ga saƙon kumburi ko ɗigo ba. Baffa ya yi tsalle, ya je gida ya ɗauko ni da Baba, Baba na dogara sanda.

"Ranki ya daɗe, aikina ne! Ga mara lafiyan da zan fara warkarwa."

"Wane aiki?" in ji Dakta. "Har kwalaben da ban sa wa magani ba sun yi shiru."

"Zafi na ba su."

"Wane irin zafi?"

Ya nuna buta, yana murmushi.

Dakta ta dafe kai. "Bawan Allah, ba hannu ka ɗaure masa ba, kashe shi ka yi. Ajiye farar rigar nan, ka ba ni makulli."

"Amma kumburi ya tsaya!" Baffa ya dage. "Yaya, ka shaida, ya tsaya!"

Baba ya dubi butar, ya dubi gwiwoyinsa, kafaɗunsa na rawa da dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

"Na shaida, Auta. To ni, a wace tukunya za ka saka ni?"